Loma Ɗaya A Gaban Baban Attahiru

Masu turo saƙo suna cewa na ɓace, ku yi haƙuri, ba data ce ta ƙare ba, bakina ne ya yi nauyi. Abin da ya same ni ranar Asabar ɗin da ta wuce sai da na kwana huɗu ina juya shi a raina kafin hannuna ya yarda ya rubuta. Ku da kuka shigo yau, sunana Ruƙayyatu, shekarata ashirin da shida, ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata a nan Wurno. Mahaifiyata ta rasu ina aji uku na firamare, Goggo Habi, yayar Babanmu, ita ta riƙe ni tun daga ranar. Attahiru kuwa shi ne mutumin da ya shekara biyu yana zuwa zaurenmu zance.

Ɗan Taloka ne, injiniya a kamfanin 'yan Caina da ke gyaran hanyoyin ruwan da suka taso daga dam ɗin Goronyo suka ratsa gonakin rani. Dogo ne, baƙi, mai sanyin murya, irin mutanen nan da ko laifi suka yi maka sai ka ji kamar kai ne ya kamata ka ba da haƙuri. Ina son shi, wannan kam ba zan ɓoye muku ba. Matsala ɗaya ce, shekara biyu ba mu ga manyansa ba. Duk lokacin da na taso da maganar sai ya ce Babansa ya sani, har ya sa albarka, jira kawai yake a sarara da aiki. Aka yi shinkafa aka girbe, aka dasa albasa aka cire, aka sake dasa wata, ba a sarara ba.

Goggo ba ta iya ɓoye abu a ciki. Kullum ya tafi sai ta tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu ta ce, "Shekara biyu mutum shina zuwa shina shanye muna ruwan randa, ko ƙanen ubanai ba mu gani ba." Babanmu shi ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa tasa ta fi ba ni tsoro. Wata biyu da suka wuce ya kira ni ɗakinsa, bai ko ɗaga kai daga littafin da yake dubawa ba, ya ce idan aka cire albasar bana ba a ga manyan yaron ba, to kada ya sake ganin motarsa a ƙofar gida. Albasa kuwa ta riga ta fara kwantar da ganye, ko ni da ba manomiya ba na san saura 'yan makonni.

Ana cikin haka ne, ranar Alhamis ina cikin aji, saƙonsa ya shigo.

"An ƙara mani matsayi. Oga zai yi muna walima Asabar a Sakkwato, gidan abincin 'yan Caina. Ina son ki zo. Uwaliya za ta zo ɗaukarki."

Uwaliya ƙanwarsa ce, tana karatun jinya a Sakkwato, ta hanyarsa na san ta. Na ɗauka Goggo za ta hana, amma da ta ji sunan Uwaliya sai fuskarta ta saki. Ta ce tunda ƙanwarsa ce za ta zo da ƙafarta, to lallai gidansu sun san da ni, ita da kanta za ta yi wa Babanmu magana. Ta yi kuwa, ya ce a dawo kafin magariba.

Ranar Asabar tun bayan asuba nake fama da akwati. Na sa leshi ruwan toka na cire, na sa atamfa mai ganyen kuka na cire, daga ƙarshe na koma kan leshin, da farin mayafi mai ƙananan duwatsu a baki, da takalmin da na saya tun Sallah ban taɓa takawa da shi ba. Goggo ta tsugunar da ni a kan kasko ta turara ni har sai da na yi tari. Na shafa jan baki kaɗan, ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Ta ajiye mini koko da ƙosai na ce na ƙoshi. Ƙarya nake, wuri nake bar wa abincin Caina. Har bidiyo na kalla daren Juma'a ina koyon yadda ake riƙe tsinkayen nan biyu da suke ci da su, na gwada da biro biyu da gyaɗa a faranti. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu dariyar nake yi wa kaina.

Attahiru ne ya tuƙo, ni da Uwaliya muna baya. Har muka wuce Achida yana leƙo ni ta madubi yana cewa yau sai ya ga ƙarshen 'yar Wurno da tsinke. Bayan mun yi azahar muka shiga wurin. A saman wani babban otal yake, sai da muka hau na'urar nan mai ɗaga mutane. Ƙofa na buɗewa sanyi ya doke ni. Fitilu jajaye a rataye, wani dogon akwatin gilashi cike da kifaye masu launi suna yawonsu, ƙasa kuwa santsi, har ina tsoron sabon takalmina ya kunyata ni. Wata ma'aikaciya cikin jar riga ta kai mu wani ɗaki na musamman a can ciki, ta ja ƙofa ta rufe.

Ku riƙe yadda ɗakin yake, don shi ne rabin labarin. Ƙarami ne, ba taga, ƙofa ɗaya. Teburi zagayayye ya cinye kusan duka ɗakin, a tsakiyarsa an ɗora wani faffaɗan gilashi kamar faifai, wanda in ka taɓa shi da yatsa sai ya juya ya kawo maka abin da ke gaban wani. Attahiru ya ce in shige can ƙurya, wai nan ne kujerar manyan baƙi. Na shige ina jin daɗi, bango a bayana, Uwaliya a damana, shi a haguna da kujera ɗaya tsakaninmu. Aka kawo ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu, aka zuba mana wani shayi a ƙananan kofuna, ba madara ba sukari, ɗanɗanonsa kamar an jiƙa ganye a ruwan zafi. Na kurɓa sau biyu don kada a ce ƙauyanci.

Ogan nasa sunansa Mista Wan. Leburorin Goronyo suna ce masa Wan Kowa, shi kuma ya karɓi sunan hannu biyu. Mun kai minti goma muna jiransa, sai muka ji muryarsa daga waje yana dariya. Ya turo ƙofa, gajere mai furfura, ya buɗe hannu ya ce da Turanci ya zo wa Attahiru da kyautar da ta fi ƙarin matsayi. Ya matsa gefe, wani dattijo ya shigo da sallama, cikin babbar riga fara da hula zanna, da 'yar sanda a hannu.

Ban taɓa ganinsa ba, amma goshin nan da hancin nan shekara biyu ina kallonsu a zaure. Sunansa sau ɗaya zan rubuta muku, rubutu ai ba faɗa ba ne: Alhaji Maigandi, mahaifin Attahiru. Ashe hanyar ruwan da kamfanin ke gyarawa ta gefen gonakinsa ta bi, har a filinsa suke ajiye manyan motocinsu, sun saba da Mista Wan sosai. Da safen ranar Mista Wan ya je ya ɗauko shi daga Taloka ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Gabana ya faɗi, amma wallahi faɗuwar farin ciki ce. Na ce a raina yau Allah ya yanke mini wahala. Na zame daga kujera na durƙusa a ɗan wurin da ke tsakanin teburi da bango, na ja mayafi na rufe rabin fuska, na gaishe shi murya ƙasa-ƙasa. Ya amsa da fara'a, ya sa mini albarka, sannan ya dubi ɗansa da alamar tambaya. Na kasa kunne ina jiran in ji da wane suna Attahiru zai kira ni a gaban mahaifinsa.

"Baba, wagga ƙawar Uwaliya ta," in ji shi. "Malama ta a Wurno. Rakiya taz zo."

Ina durƙushe na ji maganar ta sauka a kaina. Na ɗago na dubi Uwaliya, ta sunkuyar da kai tana gyaran cokalin da ba abin da ya same shi. A nan na gane ita ma ta daɗe da sanin abin da ban sani ba. Dattijon ya ce madalla, ƙawar Uwaliya ai ɗiyarsa ce, in tashi in zauna. Aka ba shi kujerar da ke bakin ƙofa, daidai saitina. Ko fita zan yi sai na sa Uwaliya ta tashi, na raɓa ta jikin rigarsa, na ce ya ɗan matsa. Na koma na zauna a kujerar manyan baƙi.

Aka fara shigo da abinci. Shinkafa soyayya da ƙwai, taliya da kayan lambu, agwagwa an yanka ta siri-siri fatarta tana ƙyalli, jatan lande cikin jan romo, naman sa da tattasai yana ta ƙara a kan baƙin ƙarfe mai zafi, da wani ƙaton kifi guda har da kansa, an barbaɗa masa citta da albasa mai lawashi. Mista Wan ya rantse wa Alhaji da Hausarsa ta wurin aiki cewa duk yankan Musulmi ne, mai dafuwar ma salla yake yi. Ƙamshi ya cika ɗakin. Cikina da na hana koko ya fara yi mini tsiya.

Yanzu ku 'yan birni da kuke cin shawarma da surukanku a mota, na san ba za ku gane ba, bari in yi muku bayani. A gidanmu mace ba ta cin abinci a gaban surukinta. Ba ta sha, ba ta tauna, ko goro ne. Goggo ta shekara talatin da ɗaya a gidan aure, tana alfahari har gobe cewa uban mijinta ya koma ga Allah bai taɓa ganin bakinta yana motsi ba. Akwai wata mata a unguwarmu da aka taɓa kamawa da rogo a baki surukinta ya shigo, yanzu jikokinta sun yi aure, har yau in za a kwatanta gidansu sai a ce gidan mai rogo. Ba doka ce da aka rubuta ba, amma da ita aka yaye ni. Kuma ba gefe ɗaya ba ce, shi ma surukin ba ya sakin jiki ya ci a gaban matar ɗansa.

Shi kuwa bawan Allah, tunda an ce masa ƙawar 'yarsa ce, ya saki jikinsa sarai. Ya ɗaga tsinkayen ya juya su ya ce waɗannan sai dai a tsire nama da su, a kawo masa ruwan wanke hannu. Ya naɗe hannun riga ya yi bisimilla. Ya ɗanɗana shinkafar ya ce ba laifi amma ta Wurno ta fi ta daɗin tauna. Ya tsinci tafarnuwa a cikin naman ya shinshina, ya ce wannan ba tasu ba ce, ba ta da ƙarfi, in Wan Kowa yana so ya aiko masa da buhu a kawo wa mai dafuwar. Mista Wan yana ta dariya yana buga teburi. Da yajin jatan landen ya kama Alhaji, sai ya tuɓe hularsa ya ɗora a gwiwa, ya share zufa da tawul ɗin nan, ya ce yau dai ya zama Bature, ga shi yana ci teburi ɗaya da 'yan mata. Mutum ne mai daɗin zama, wallahi. Abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, don na ga irin surukin da aka shekara biyu ana ɓoye mini.

Mista Wan ya lura farantina fes yake. Ya sa yatsa ya juya gilashin, kifin nan ya taho ya tsaya a gabana, idonsa fari yana kallona. Ya ce a ƙasarsu malamin makaranta shi ake fara ba kifi. Hausarsa ba ta san mace ba, kowa namiji ne a wurinsa. "Malama, ka ci. Ka ci da yawa." Na yi murmushi na ce na gode. Na taɓa gilashin a hankali na tura kifin gaba. Bai yi minti biyu ba ya sake zagayowa. Na tura, ya dawo da agwagwa. Na tura, ya dawo da taliya. Daga ƙarshe ya ce wa Uwaliya ta zuba mini, ta cika farantin har da tozo.

Wayata ta yi motsi a kan cinyata. Na duba ta ƙarƙashin mayafi, saƙon Attahiru ne.

"Don Allah ki ci. Bai sani ba."

Na rubuta, "Mi bai sani ba?"

"Maganarmu. Ban samu na hwaɗa mai ba tukuna."

"Shekara biyu, Attahiru?"

"Za ni yi miki bayani a mota. In kin ƙi ci shina ganewa. Kuma Oga zai ji haushi, wurinsu wulaƙanci na. Ko loma ɗaya."

Na kife wayar. Ko loma ɗaya. Ku tsaya ku duba inda aka saka ni. In na ci, na sa hannu a kan ƙaryarsa, na yarda ni ƙawar Uwaliya ce 'yar rakiya. Kuma duk ranar da gaskiya ta fito, ko bayan shekara ashirin ne, ni ce yarinyar da ta zauna ido cikin ido da surukinta tana zuƙar taliya, ta san ko shi wane ne, shi bai san ko ita wace ce ba. A Taloka ba za a ce Attahiru ya yi ƙarya ba, za a ce ya kwaso mara kunya. In kuma na ƙi ci, to na tona shi a gaban mahaifinsa da ogansa a ranar da aka taru don a karrama shi, ba tare da na buɗe baki ba. Na duba ƙofa, dattijo ya tare ta. Na duba bayana, bango. Na yi tunanin in ce azumi nake, sai idona ya sauka a kan ɗan kofin shayin da ke gabana, rabi a shanye, ga shatin jan bakina a gefensa ɓaro-ɓaro. Jan bakin da Goggo ta harare ni a kansa.

Haushi ya taso mini. Na tuna dare nawa na tsaya a gaban Goggo ina kare shi, ina cewa Babansa ya sani, ya ma sa albarka. Ashe ni ma ƙaryar nake tallatawa, a gidanmu, da bakina. Na ɗan saci kallonsa. Yana fama da tsinkayensa, ya ƙware kuwa, yana yi wa ogansa dariya, amma gumi ya jiƙa wuyan rigarsa duk da sanyin ɗakin. Ya ɗago ya yi mini wannan kallon nasa na ban tausayi. Kullum kallon nan yana aiki a kaina, ranar bai yi ba.

Na ɗauki cokali, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ɗauka don yunwa da tausayinsa da son a rabu lafiya. Na ɗebo shinkafar, na ɗago ta har kusa da haɓata. Hannun ya tsaya. Ba shawara na yanke ba, hannun ne kawai ya ƙi, kamar yadda ƙafa take ƙin shiga masallaci da takalmi. Na mayar da cokalin na ajiye, ya yi 'yar ƙara a jikin farantin. Na ja mayafina gaba, na ɗan karkata jikina gefe, na zuba ido a kan yatsuna.

"Ki ci mana, ɗiyata," in ji Alhaji, da ƙashin agwagwa a hannunsa. "Ko abincin nasu bai karɓe ki ba? A kawo miki wani abu?"

Na girgiza kai, ban ɗago ba. Ya sake cewa kada in ji nauyinsa, shi uban kowa ne, ƙawayen Uwaliya a ɗakinsa suke cin gyaɗa. Na ƙara sunkuyawa. Da Attahiru ya yi shiru, wataƙila da an ce baƙunta ce. Amma tsoro ya sa shi ya yi saurin baki.

"Azumi takai, Baba."

Ta ƙasan ido na ga dattijon ya dubi kofina. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya dubi farantin da ba a taɓa ba, ya dubi yadda na juya masa gefe, ya dubi Uwaliya da ta kusa shigewa ƙarƙashin teburi. Daga ƙarshe ya dubi ɗansa. Ya ajiye ƙashin a hankali. Ya jawo kwanon ruwa ya wanke hannunsa yatsa bayan yatsa, ya warware hannun rigarsa, ya ɗauki hular daga gwiwa ya mayar kansa ya daidaita ta. Sai ya kama kujerarsa ya juya ta gefe, ya fuskanci bango, yadda idonsa ba zai sake sauka a kaina ba.

Hawaye ya cika mini ido. Ba wanda ya taɓa girmama ni kamar yadda tsohon nan ya yi da juya kujerar nan. Mista Wan bai fahimci komai ba, ya tambaya ko yaji ne ya yi yawa, ya juya gilashin ya kai wa Alhaji kankana. Ba wanda ya kula shi.

"Attahiru," in ji dattijon, muryarsa ba hayaniya. "Mi at tsakaninka da yarinyag ga?"

'Yan uwa, ga ƙofa an buɗe masa har bango. Mahaifinsa ya riga ya gane, ya riga ya karɓa, bai yi faɗa ba. Kalma ɗaya ta rage ya faɗa. Na ce a raina in ya faɗa yanzu na yafe masa shekara biyun nan duka, har da ta yau.

Ya dubi ogansa. Ya dubi farantinsa. Ya ce, "Ba komi, Baba. Na hwaɗa maka, ƙawar Uwaliya ta."

Wani abu ya mutu a ƙirjina a daidai lokacin, na ji mutuwarsa sarai. Ba fushi ba ne, fushin ya riga ya wuce. Kawai na dube shi na ga wani mutum mai gumi a wuya wanda ban san dalilin da ya sa na ƙi manema aure uku saboda shi ba.

Alhaji ya yi 'yar dariya mara daɗi, har yanzu fuskarsa na bango. Ya ce ƙawayen Uwaliya nawa suka ci tuwo a gabansa a Taloka, har da neman ƙari. "Wagga kunya ba ta ƙawa ba ta. Ka bari na tuɓe hula, na lashe yatsu gaban surukata, kana kallo. Ni kak kunyata, ba ita ba." Attahiru ya buɗe baki, dattijon ya ɗaga masa hannu, ya rufe. Ya ce shekara nawa yana tambayarsa ko akwai wadda yake so, yana ce masa aiki ya yi yawa, ashe 'yar mutane ya ajiye yana ɓata mata lokaci. Ya ce yarinyar da za ta zauna da yunwa a gaban wannan abinci don ta tsare mutuncinsa, ba zai bari ta kai wata Asabar ɗin a haka ba.

Bai sake yi mini magana kai tsaye ba, don yanzu ba ya iyawa. Sai ta bakin 'yarsa.

"Uwaliya, tambayo mani sunan mahaihinta da unguwarsu. Jumma'a ƙannena na tahe Wurno, in dai ta yarda."

Abin da na shekara biyu ina roƙo a sujada ke nan. Abin da zai sa Goggo ta yi guɗa har maƙwabta su leƙo, ya sa Babanmu ya ɗaga kai daga littafinsa. Ga shi an miƙo mini a kan teburi, saura kwana shida, albasa ba a ko fara cirewa ba. Wayata ta sake motsi a cinyata. Na duba.

"Kin ga abin da kinka jawo muna."

Na karanta sau biyu. Uwaliya ta matso da kujerarta, idonta ya yi ja, ta kama hannuna a ƙarƙashin teburi ta ce a hankali, "Anti Ruƙayya, mi as sunan Baba? Kin yarda su zo?"

Amsar tana bakina. A'a ce. Ina so in ce a dakata, ina so in ce wannan mutumin da ya musanta ni sau biyu a zama ɗaya ban san shi ba, a bar ni in koma gida in yi tunani. Amma yaya zan faɗi haka a gaban tsohon da ya bar abincinsa ya juya wa bango fuska saboda ni? Da wane bakin, bakin da ya kasa karɓar loma ɗaya a gabansa? Na sunkuyar da kai, hawayen ya ɗiga a kan leshina. Uwaliya ta sake tambaya. Na yi shiru.

Sai na ji dattijon ya sauke ajiyar zuciya, irin ta wanda hankalinsa ya kwanta. Da murmushi a muryarsa ya ce, "Bar ta, Uwaliya, kada ki matsa mata. Gidan malamar 'yan mata ba ya ɓace muna a Wurno. Kunya ta. Ta amsa."

Wallahi 'yan uwa, ban amsa ba. Yau Laraba, saƙon zuwansu ya iso gidanmu, Goggo ta riga ta aika a wanko manyan tabarmi.